Lodin da Madatsar Ruwa Ke Ɗauka, da Abin da Ya Shafi Mutanen Bakin Gulbi

Duk shekara idan Agusta ta raba tsakiya, gulbi ya kawo ya shafe gonakin fadama daga Madarumfa zuwa Tibiri, sai saƙonnin murya su fara yawo a wayoyin mutanen Maraɗi. Wani ya ce an buɗe dam ɗin Jibiya, wani ya ce ya tsage, wani ya rantse cewa ya riga ya ɓalle, ruwa na hanya. Tun da aka ga abin da ya sami Derna ta ƙasar Libiya a Satumbar 2023, inda madatsu biyu suka ɓalle, sannan madatsar Alau ta sako ruwa cikin Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, irin wannan magana ta daina zama abin da ake ji a wuce. Ga kuma tarihin garin kansa: tsohon Maraɗi a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta tashe shi aka hau tudu.

Garin a tsakanin madatsu biyu yake zaune. Ruwan da ke wucewa ta nan daga ƙasar Katsina yake fitowa, inda ake kiransa Gada, kuma an tare shi a Jibiya tun 1989. Idan ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Gidan Rumji ya koma Najeriya, sai ya faɗa Rima, inda madatsar Goronyo take jiransa. Shi ya sa a majalisa za ka ji ana tambayar duk wanda ya taɓa aikin gini, "Malam, anya dam ɗin nan yana da ƙarfi kuwa?" Injiniya ba ya iya amsa tambayar a haka. Zai fara da tasa ne: ƙarfin ɗaukar me, kuma har nawa? Babbar motar da aka rubuta wa tan 30 mai ƙarfi ce muddin lodin bai wuce 30 ba. Haka kowace madatsa take, akwai lodin da aka lissafa mata tun tana takarda, kuma lafiyarta ta dogara ne ga ko an ƙirga kowane lodi, ko kuwa wani ya ƙaru bayan an gama gini.

Ɓallewa, tumbatsa da sakin ruwa

Abubuwa uku ake cakuɗawa. Sakin ruwa shi ne masu kula da madatsa su buɗe ƙofofi da gangan don tafkin ya ragu. Tumbatsa ita ce tafkin ya cika, rarar ta bi ta mazubar da aka gina mata a gefe, wato wata faffaɗar hanya ta kankare ko dutse wadda ba ta kai tsayin kan ganuwar madatsar ba. Waɗannan biyun aikin madatsa ne na yau da kullum, ko da yake suna iya cinye gonar wanda ke ƙasa. Ɓallewa kuwa ita ce ganuwar kanta ta karye, ruwan da aka tara cikin watanni ya fito cikin sa'o'i.

Madatsu kuma iri biyu ne manya. Akwai na kankare, waɗanda ke tsayawa da nauyinsu ko su jingina da duwatsun gefe. Akwai na ƙasa, da ake tara yumɓu da yashi da tsakuwa hawa-hawa ana daɓewa da rola. Kusan duk na yankinmu na ƙasa ne: Jibiya mai tsayin mita 23.5 da tsawon mita 3,660, da Goronyo, da Mozage da Zongo da ke ba gonakin Birnin Ƙonni ruwa. A ƙa'idar hukumar manyan madatsu ta duniya, wadda ta kai tsayin mita 15 babba ce, haka ma wadda ke tsakanin mita 5 da 15 idan tana riƙe fiye da mita kubik miliyan 3. Ƙananan da ake yi a ƙoramun ƙauyuka ba su kai nan ba, amma lissafin da ke kansu ɗaya ne.

Zurfi ke turi

Mita kubik na ruwa, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, lita 1,000 ne: jarka 40 ta lita 25 irin wadda ƴan garuwa ke turawa. Nauyinsa tan ɗaya. Ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura duk abin da ya taɓa, kuma turin yana ƙaruwa da zurfi. Wanda ya taɓa ganin duro ya huje a wuri biyu ya san haka: hujin sama ɗiga yake yi, na gindi kuwa feshi. A zurfin mita 10, kowace murabba'in mita ta ganuwa tana ɗauke da tan 10.

Idan aka tattara turin daga sama har ƙasa a kan yanki mai faɗin mita ɗaya na ganuwar, ana ninka zurfin da kansa ne a raba biyu. Ruwa mai zurfin mita 5 yana turi da tan 12.5. Mai mita 10, tan 50. Mai mita 20, tan 200. Zurfi ya ninka sau biyu, turi ya ninka sau huɗu. Da yake mafi yawan turin a ƙasa yake, cibiyarsa tana kashi ɗaya cikin uku na zurfin daga gindi, kuma ƙarfin da ke neman kifar da ganuwar yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da zurfi ya ninka sau biyu. Wannan ne dalilin da ya sa kowace madatsa take da faffaɗan gindi da siririn kai.

Faɗin tafkin bai shiga wannan lissafi ba. Tafkin da ya miƙe kilomita 20 da wanda bai wuce filin ƙwallo ba, idan zurfinsu a jikin ganuwa ɗaya ne, turinsu ɗaya ne. Yawan ruwa yana magana ne bayan an samu ɓaraka, domin shi ke nuna irin ɓarnar da za a yi a ƙasa. Jibiya an gina ta don mita kubik miliyan 142, Goronyo miliyan 942.

Akwai wata al'ada da wannan lissafi ya shafa kai tsaye. A ƙananan madatsu, masu noman rani kan jera buhunan yashi ko bulo a bakin mazuba don tafkin ya ƙara riƙe ruwa zuwa bazara. Niyyar mai kyau ce, ruwan kuma ana buƙatarsa. Amma ɗaga ruwa daga mita 4 zuwa 5 yana kai turin daga tan 8 zuwa 12.5, ƙarin fiye da rabi, sannan ya cinye tazarar da aka bari tsakanin fuskar ruwa da kan ganuwa saboda ranar babban ruwa.

Nauyin gini, da abin da ke rage shi daga ƙasa

Abin da ke hana madatsar kankare zamewa shi ne nauyinta. Mita kubik na kankare tan 2.4 ne. A ɗauki ganuwa mai tsayin mita 10 da gindi mita 8, wadda ta tsuke zuwa sama. Kowane yanki mai faɗin mita ɗaya zai yi tan 96. A ƙaddara riƙon da ke tsakanin kankare da dutsen da ke ƙarƙashinsa kashi 70 cikin ɗari ne na nauyin, sai a samu tan 67 na riƙo a gaban tan 50 na turi. A ido, ginin ya tsaya daram.

Sai dai ruwa yana shiga ƙarƙashin gini ta tsagogin dutse da mahaɗar kankare, kuma idan ya shiga, sama yake turowa. A kifa ƙwarya a randa a danna ta, hannu zai ji yadda ruwan ke mayar da ita. A misalin nan, idan ba a yi wa ruwan ƙarƙashi mafita ba, turinsa zuwa sama zai kai tan 40. Nauyin da ya rage yana danna dutse ya koma tan 56, riƙon ya faɗo zuwa tan 39, alhali ruwan gaba yana nan da tan 50 ɗinsa. Ganuwar da ba ta da tsaga ko ɗaya a fuska sai ta zame.

An daɗe ana gina madatsu kafin a gane wannan sosai. Karyewar madatsar Bouzey a Faransa cikin 1895 ce ta sa injiniyoyi suka fara saka shi cikin lissafi. Duk da haka, daren 2 ga Disamba 1959, madatsar Malpasset, ita ma a Faransa, ta ɓalle ta kashe mutum 423. Kankaren bai gaza ba. Ruwa ne ya taru cikin tsagogin dutsen da ta jingina da shi ta hagu, ya ture wani ɓangare na dutsen, ginin ya bi shi. Maganin da ake yi yanzu iri biyu ne: a ɗura siminti cikin ramuka masu zurfi ta gaban harsashi don a toshe tsagogi, sannan a haƙa wasu ramukan ta baya waɗanda ruwan da ya tsallake zai fita ta cikinsu. A misalinmu, ko an rage turin ƙasan da rabi, riƙon tan 53 kawai zai zama, wanda bai ba da rata mai yawa ba, dole a ƙara faɗin gindi ko a dasa shi cikin dutse.

Naso, da lokacin da yake zama haɗari

A nan ne maganar ta fi shafar madatsun ƙasa irin namu. Babu madatsar ƙasa da ba ta naso. Ruwa yana ratsa jikinta sannu a hankali kamar yadda yake ratsa sabon tulu, kuma injiniya ya san da haka tun farko. Aikinsa shi ne ya rage nason, ya kuma zaɓa masa hanyar fita. Shi ya sa ake sa yumɓu mai danƙo a tsakiyar ganuwa, a bayansa a jera yashi mai laushi, sai mai kaushi, sai tsakuwa, kamar rariya, yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ba za ta bi shi ba. A gindin baya kuma a yi magudanar duwatsu.

Ruwan da ke cikin ganuwa lodi ne ta fuska biyu. Na farko, yana shiga tsakanin ƙwayoyin ƙasa ya rage musu riƙon juna. Duk mai ginin laka ya ga haka a damina: katanga ba ta fara faɗuwa daga sama, gindinta ke jiƙa ya saki. Na biyu, yana jan ƙasa. Idan ya samu ƴar hanya ya fara fitar da ƙwaya ɗaya-ɗaya ta baya, ramin sai ya riƙa cin baya-baya zuwa wajen tafki har ya zama bututu, bututun ya faɗaɗa, saman ya rufta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganuwar ƙasa masu tsaga bangon suna da yawa: gara, gafiya, saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe, gefen bututun fitar da ruwa inda rola ba ta iya daɓewa da kyau.

Madatsar Teton a Amurka, mai tsayin mita 93, a cikarta ta farko ta tafi. Da safiyar 5 ga Yuni 1976 aka ga ruwa mai laka yana fita ta bayanta. An tura motocin tura ƙasa su toshe, ramin ya haɗiye su. Kafin azahar ganuwar ta ɓalle, mutum 11 suka rasu. Launin ruwan shi ne alamar: naso mai fita garau, wanda yawansa ba ya ƙaruwa, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ya fara fita jajaye ko da yashi a ciki, jikin madatsar yake kwasowa.

Ƙasar yankinmu tana ƙara wa wannan lissafi wuya. Yawanci rairayi ne, yumɓu mai kyau sai an nema. A Jibiya, saboda sakin ƙasar wurin, shimfiɗar roba mai kauri aka yi wa ganuwar don ta hana ruwa shiga ta kuma iya lanƙwasa idan ginin ya zauna. Ga kuma rani. Ƙaramin tafkin da ke ƙafewa ƙaf a Afrilu, yumɓun ganuwarsa yana bushewa ya tsattsage kamar ƙasar fadama, sai ruwan farko na Yuni ko Yuli ya iso da ƙarfi kafin tsagogin su kumbura su rufe. Irin wannan madatsa kusan kowace shekara sabuwar cika take yi, kuma cikar farko ita ce lokacin da ake fi jin tsoro.

Akwai wani lodin da ke ba mutane mamaki, wato saurin janyewar ruwa. Idan tafki ya daɗe a cike, ganuwar ta sha ruwa, ruwan tafkin kuma yana tallafe da fuskarta ta gaba. Aka zuƙe shi cikin ƴan kwanaki, tallafin ya tafi, ruwan cikin ƙasar bai samu fita ba, sai fuskar gaba ta zame cikin tafki. Gaɓar gulbi ma ta fi zubewa bayan ruwa ya janye. Saboda haka ko ana cikin tsoro, akwai iyakar saurin da ake rage tafki da shi.

Ambaliyar shekara ɗari

Ruwan da ya bi ta kan ganuwar ƙasa ya gama da ita. Yana fara cin bayanta kamar yadda ƙorama ke cin hanya, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya yanke ta. Wannan da zaizayar ciki su ne manyan abubuwa biyu da ke kashe madatsun ƙasa a duniya. Don haka girman mazuba yana cikin manyan shawarwarin da ake yankewa, kuma ana yanke shi ne da tambayar wace ambaliya za a shirya wa.

A nan ake jin "ambaliyar shekara ɗari" ko "ta shekara dubu", kalmomin da ke ruɗa mutane. Ba ana nufin tana zuwa sau ɗaya ta tafi sai bayan ƙarni ba. Ana nufin a kowace damina akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta zo, ko da ta zo bara. Idan aka tara shekaru, madatsar da ta yi shekara 30 tana da yiwuwar kashi 26 cikin ɗari ta gamu da ita, mai shekara 50 kuma kusan kashi 40. Shi ya sa idan akwai gari a ƙasa ba a tsayawa a ta shekara ɗari, ana shirya wa ta dubu, ko ta dubu goma, ko mafi girman da yanayin wurin zai iya haifarwa. Ko hakan ba tabbas ba ne. Madatsar Banqiao a ƙasar Sin an yi ta don ambaliyar shekara dubu, a Agustan 1975 aka yi ruwa fiye da milimita 1,000 a yini ɗaya ya bi ta kanta, mutum aƙalla 26,000 suka mutu a ruwan.

Maraɗi tana samun kimanin milimita 500 a shekara, amma mazuba ba ruwanta da jimillar shekara, ruwan sa'a ɗaya take aunawa. A ƙarshen Agustan 2024 hukumomi sun ce an yi kimanin milimita 150 a garin cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Milimita 150 a kan hekta ɗaya tan 1,500 ne na ruwa. A ƙaddara irinsa ya sauka a kan ƙasar da ke zuba cikin wata ƙaramar madatsa, mai faɗin murabba'in kilomita 10, rabinsa ya gangaro cikin awa biyu: fiye da mita kubik 100 kenan a kowace daƙiƙa. Nawa ne zai gangaro, nawa ƙasa za ta sha, ya danganta da abin da ke kanta. Dajin da aka sare, fakon da ya yi tauri, unguwar da aka cika da kwano da siminti, duk suna ƙara wa mazubar lodin da ba shi cikin takardar farko.

Mazuba mai ƙofa kuma tana da nata sharaɗi, sai ƙofar ta buɗu. A Gusau, ranar 30 ga Satumba 2006, ƙofofin madatsar sun ƙi buɗuwa bayan ruwa mai yawa, ta ɓalle, kimanin mutum 40 suka rasu. Wannan na cikin dalilan da suka sa a wuraren da babu wuta ko ma'aikaci dare da rana ake fifita mazuba marar ƙofa, wadda ke aiki da kanta.

Yashi, iska, zafi da girgiza

Ruwan ƙoramunmu ja ne saboda ƙasar da yake ɗauke da ita, kuma idan ya tsaya a tafki sai ya sauke ta. Lakar da ta taru a jikin ganuwa ta fi ruwa nauyi, tana ƙara turi, tana iya toshe bututun ƙasa. Mafi muni, tana cinye wurin da ambaliya za ta fara zama kafin ta kai mazuba. Tafkin da ya cike da yashi zuwa rabi, ruwan da a da zai kwana yana cika shi yanzu cikin ƴan sa'o'i zai tumbatsa.

Iskar da ke gaban hadari tana tayar da igiyar ruwa, kuma iya nisan da ta yi a kan tafki, iya tsayin igiyar. Don ita ake jera duwatsu a fuskar gaba, ake kuma ƙara tsayin ganuwa. Zafi ya fi damun kankare, wanda ke buɗewa da rana ya tsuke da dare, kuma yana fitar da zafin kansa lokacin da yake daskarewa. A madatsar Hoover ta Amurka sai da aka bi cikin kankaren da bututun ruwan sanyi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ko ƙaramar mazuba tana buƙatar gaɓoɓin da za su ba ta damar motsi, da ban ruwa na kwanaki bayan zubi. Girgizar ƙasa ba ta cika damun wannan yanki ba, amma manyan madatsu ana saka musu ita, tun da ta 1967 ta tsaga madatsar Koyna a Indiya. Ƙanƙarar da ke daskarewa a fuskar tafki, wadda injiniyoyin Turai ke lissafawa, babu ita a nan.

Ba a ɗaukar lodin nan ɗaya-ɗaya. Ana haɗa su yadda za su iya haɗuwa: na kullum, na jefi-jefi, da na ranar da ba a fata. Ga kowane haɗi ana neman rarar ƙarfi. A gangaren ganuwar ƙasa, a yanayin kullum, ƙarfin riƙo ya kamata ya ninka ƙarfin turi sau ɗaya da rabi. A saurin janyewar ruwa ana yarda da 1.2 ko 1.3, a mafi munin yanayi kuma abin da ya ɗan haura ɗaya. Rarar nan ba almubazzaranci ba ce, tana rufe abin da ba a iya gani ne, domin ramukan gwajin ƙasa komai yawansu ɗan kaɗan suke nunawa daga abin da ke ƙarƙashin ganuwa mai kilomita uku.

Inda ra'ayi ya rabu

Bayan kowace ɓallewa ana samun ɓangare biyu. A Alau, jami'an gwamnatin Najeriya sun tsaya kan cewa ruwa ne ya yi yawan da wani sashe na ganuwar ya kasa riƙewa, suka danganta abin da sauyin yanayi. Masu suka suka ce an daɗe ana ganin lalacewa ba a gyara ba. A Derna ma haka: guguwar Daniel ta kawo ruwan da ba a saba gani ba, amma madatsun biyu na shekarun 1970 ne, an san da tsagoginsu, masana sun yi gargaɗi, kuma fiye da mutum 4,000 suka mutu. A harshen lissafi, ɓangare na farko yana cewa lodi ya ƙaru, na biyu yana cewa ƙarfi ya ragu. Biyun suna iya zama gaskiya a dare ɗaya, sai dai na biyun ne ke hannun mutane kai tsaye.

Akwai saɓani kan lokacin sakin ruwa. Manomin rani da mai shan ruwan famfo suna son tafki ya cika maƙil kafin damina ta ɗauke. Mai kula da lafiyar ganuwa yana son a bar wuri tun Yuli saboda ruwan Agusta. Wanda ya saki da wuri, damina ta tsaya, za a ce ya zubar da abincin mutane. Wanda ya riƙe har ruwa ya zo, dole ya buɗe duka ƙofofi a lokacin da gulbi ya riga ya cika. Abin da ke raba wannan gardama shi ne rubutacciyar ƙa'ida da ta faɗi iyakar ruwa a kowane wata, wadda kowa ya sani.

Sai maganar girma. Masu son manyan ayyuka irin Kandaji a jihar Tilaberi, da aka tsara don megawat 130 da fiye da mita kubik biliyan ɗaya da rabi, suna cewa rana tana shanye mita biyu ko fiye daga fuskar tafki a shekara, saboda haka tafki marar zurfi ba ya kai bazara. Gaskiya ne, amma zurfin da ke maganin rana shi ne ke ninka turi. Masu son ƙananan shingaye a cikin ƙorama, waɗanda ke rage gudun ruwa su baza shi a fadama ya nutse ya cika rijiyoyi, suna cewa lodinsu kaɗan ne, idan sun karye ba sa cin gari. Shi ma gaskiya ne, sai dai ba sa ba da wuta, kuma da yake ƙanana ne sau da yawa ba a kashe musu kuɗin binciken ƙasa, ruwa sai ya zagaye su ta gefe ko ya haƙe musu gindi.

Abin da ya rage ga na bakin gulbi

Ga mai garka a Jiratawa ko mai gida a gangaren gari, bambancin kalmomin farko shi ne ke faɗa masa abin yi. Sakin ruwa da tumbatsa suna ɗaga gulbi a hankali, ana samun lokacin kwashe injin ban ruwa da dabbobi. Ɓallewa ba ta ba da wannan lokaci, tudu kawai ake nufa. Da yake ganuwar tana wata ƙasa, mutanen da ke ƙarƙashinta suna wata, labarin sai ya tsallaka iyaka. Akwai hanyar da aka tanada: yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya ta ambaci kwarin Gada da Gulbin Maraɗi cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, kuma hukumar haɗin gwiwarsu tana Yamai. Sanarwar da ta fito ta bakin hukuma da rediyo, ta faɗi ranar buɗe ƙofa da yawan ruwa, ita ce ke rage wa saƙon murya kasuwa.

Gina gidaje a ƙasan madatsa ba ya ƙara wa ganuwa ko kilo ɗaya, amma yana canza matsayinta. Wadda aka yi wa mazubar shekara ɗari saboda gonaki ne kawai a ƙasanta, idan unguwa ta tsiro a wurin, ta shiga sahun waɗanda ya kamata a sake wa lissafi. Haka ɗibar yashi da tifa kusa da gindin ganuwa yana rage nauyin da ke danne nason, kuma hanyar shanu da ta ratsa kanta tana yin kwarin da ruwa zai fara bi.

A ƙananan madatsun ƙauye babu na'urar auna matsin ruwa, idon makiyayi da masunci da kwamitin masu ban ruwa ne ke gani. Abubuwan da ya kamata su kai wa magajin gari ko injiniyoyin karkara a ranar da suka gani sanannu ne: wuri mai laima ko ciyawa shar a bayan ganuwa inda da busasshe ne, ruwa mai fita da laka, ɗan gurbi mai juyawa a fuskar tafki kusa da ganuwa, tsaga mai bin tsawon kai ko mai ratsa shi, wurin da ya lotsa, da mazubar da itace ko buhu ya toshe. Lokacin duba sauran kuwa Afrilu ne da Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya, fuskar gaba ta fito fili, ana iya zura sanda cikin tsaga a ga zurfinta, a tone gidan gara a cike da yumɓu a daɓe kafin hadarin farko ya haɗu.